Littafi a Hannun Jama'a: Tarihin Karatun Nassi a Cikin Sujada da Darasinsa ga Ikkilisiyoyin Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin jihar Jigawa, masu bi ba su da yawa, kuma a warwatse suke. Akwai majami'un cikin gari, inda ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, 'yan kasuwa da matasa masu yi wa ƙasa hidima suke taruwa, da yawansu daga wasu jihohi. Akwai kuma ƙananan majami'un ƙauye na 'yan ƙasa, waɗanda iyayensu da kakanninsu suka fito daga cikin Maguzawa da Warjawa. A irin waɗannan ƙauyuka sau da yawa fasto ɗaya ko mai bishara ɗaya ne yake kula da majami'u biyu ko uku. Da damina hanya takan yanke. Da rani matasa sukan tafi ci-rani. Wani lokaci kuma a yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, a daɗe ba a aiko da wani ba.

Tambayar da ya kamata kowane ɗalibin wannan makaranta ya yi wa kansa ita ce: ranar da fasto bai zo ba, me ya rage a hannun jama'a? Tarihin ikkilisiya ya amsa wannan tambaya sau da yawa. Inda aka karanta Maganar Allah da ƙarfi a gaban jama'a, da harshen da suke ji, har suka riƙe ta da bakinsu, ikkilisiya takan jure rashin shugaba da tsanani. Inda Littafi ya zama kayan aikin shugaba shi kaɗai, takan yi rauni da zarar shugaban ya gusa. Za mu bi wannan tarihi daga zamanin Littafi Mai Tsarki har zuwa ƙasarmu, sa'an nan mu ga abin da yake bukata daga gare mu.

Daga Ezra zuwa majami'ar Nazarat

Musa ya umarta a riƙa karanta Shari'a a gaban dukan Isra'ila sau ɗaya a kowace shekara bakwai, maza da mata da yara da baƙin da suke zaune a cikinsu (Maimaitawar Shari'a 31). Bayan dawowa daga bautar Babila, a Nehemiya sura 8, mun ga yadda aka yi wannan aiki. Abubuwa huɗu ne za mu lura da su. Jama'a ne da kansu suka roƙi Ezra ya kawo littafin. Karatun ya yi tsawo, tun daga sassafe har tsakar rana. Jama'a sun miƙe tsaye, sun amsa, sun yi sujada. Lawiyawa kuma sun shiga cikin taron suna bayyana ma'anar abin da aka karanta. Marubucin ya ce mutanen sun koma gida da murna domin sun fahimta.

Majami'un Yahudawa suka ɗore a kan haka, ana karanta Attaura da Annabawa kowace Asabar. A Nazarat aka miƙa wa Ubangijinmu littafin Ishaya, ya miƙe ya karanta, sa'an nan ya zauna ya yi bayani (Luka 4). Bulus ya umarta a karanta wasiƙarsa a ikkilisiyar Kolosi, a kuma aika da ita Lawudikiya (Kolosiyawa 4:16). Ya gargaɗi Timoti ya lazimci karanta nassi a gaban jama'a, ya ma ambaci wannan kafin gargaɗi da koyarwa (1 Timoti 4:13). Wahayin Yahaya 1:3 ya sa albarka a kan mutum ɗaya mai karatu da mutane da yawa masu sauraro. Wannan ya nuna mana cewa yawancin masu bi na farko da kunne suka san Nassi. Littattafai da hannu ake rubuta su, suna da tsada, masu iya karatu kuma kaɗan ne. Halinsu bai yi nisa da na tsofaffinmu na ƙauye ba.

Mai karatu a ikkilisiyar farko

Wajen shekara ta 155, Justin Mai Shahada ya rubuta wa sarkin Roma bayanin yadda Kirista suke sujada. Ya ce ran Lahadi mutanen birni da na ƙauye sukan taru wuri ɗaya, a karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon yadda lokaci ya samu. Bayan mai karatu ya gama, sai shugaban taron ya yi gargaɗi a kan abin da aka ji. Mu lura da tsarin: karatu ne gaba, wa'azi yana biye yana yi masa hidima. Mai karatu dabam ne, mai wa'azi dabam.

A Afirka ta Arewa aikin mai karatu ya zama muƙami mai daraja. Wajen shekara ta 250, Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya naɗa samari biyu, Aureliyus da Selerinus, su zama masu karatu, domin sun sha azaba saboda sunan Almasihu ba su yi musu ba. A ganinsa, bakin da ya shaida Ubangiji a gaban mahukunta shi ya cancanci karanta Bishara a gaban jama'a. A shekara ta 303, da sarki Diyokletiyan ya ba da doka a ƙwace littattafan Kirista a ƙone, jami'an da suka je garin Sirta, wato Konstantin ta ƙasar Aljeriya a yau, sai da suka bi gidajen masu karatu ɗaya bayan ɗaya, domin a hannunsu littattafan suke. Masu tsananta wa ikkilisiya sun san inda ƙarfinta yake.

Duk da haka, Afirka ta Arewa ta bar mana darasi mai ɗaci. Ikkilisiyar da ta haifi Tatuliyan da Sifiriyan da Agustin da harshen Latin take karatu da sujada. Ba a mayar da Littafi Mai Tsarki cikin harshen Berber na mutanen karkara ba. Bayan zuwan Larabawa a ƙarni na 7, ikkilisiyar ta yi ta raguwa har ta ɓace. A Masar kuwa an fassara Nassi cikin harshen Kibɗawa, a Habasha cikin Ge'ez, kuma ikkilisiyoyin nan biyu suna nan har yau. Dalilan suna da yawa, amma masana tarihi da dama suna sa harshen karatu a cikin manyansu. Mu da muke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta masu wani addini, bai kamata mu wuce wannan labari da sauri ba.

A Turai ma Latin ya daɗe yana tsakanin talaka da Nassi. Masu gyaran ikkilisiya sun ɗauki wannan a matsayin babbar matsala. Martin Luta ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522. Wiliyam Tindel ya fitar da na Turanci a 1526, aka kashe shi a 1536. A 1539 aka buga babban Littafi Mai Tsarki na Turanci wanda aka umarta a ajiye a majami'un Ingila domin kowa ya iya zuwa ya karanta ko a karanta masa. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari da muke amfani da su Robert Estienne ne ya sa su a 1551. Sun sauƙaƙa neman wuri, amma sun kuma sauƙaƙa a tsinko aya ɗaya a bar labarin da take ciki.

Yadda Littafin ya shigo Hausa

Aikin fassara cikin Hausa ya fara tun kafin a kafa majami'a ko ɗaya a ƙasar Hausa. James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin CMS, ya yi aiki a Ingila tare da Dorugu, yaro Bahaushe wanda ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Amma littafin ya riga masu karanta shi zuwa.

A wannan lokaci wani abu yana faruwa a Kano. Wani malami mai suna Ibrahim, ta wurin nazarin abin da littattafan Musulunci suka faɗa game da Annabi Isa, ya fara koya wa almajiransa su ba shi matsayi na musamman. An kashe shi a Kano a cikin shekarun 1860, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi, maƙwabciyarmu ta kudu. Ba su da Linjila a hannu, sai abin da suka riƙe da ka. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka je wurin Dokta Walter Miller a Zariya suna neman ƙarin sani. Daga nan aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, wanda ciwon barci ya yi wa ɓarna, daga baya jama'ar suka haɗu da ta Wusasa.

Miller ya zo tare da Bishop Tugwell a tafiyar da suka yi zuwa Kano a 1900, inda Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya kuma ba da shekaru masu yawa ga fassara, tare da Hausawa masu bi da ma'aikatan sauran ƙungiyoyin mishan, irin su Dokta Andrew Stirrett na SIM. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Sabuwar fassara ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta biyo baya a 1979, ita ce kuma take hannun yawancinmu. Wannan littafi ya zama na kabilu da yawa a Filato, Bauchi, kudancin Kaduna, Adamawa da Nijar, waɗanda Hausa ta zama musu harshen sujada.

Yadda ya kai ƙauyuka

Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Kano a zamanin Turawa, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ta daɗe tana taƙaita aikin 'yan mishan a masarautun Musulmi. Ƙofa ta fara buɗewa a cikin shekarun 1930. Daga 1937 SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Majinyata sukan yi shekaru a waɗannan wurare, kuma da yawa sun koyi karatun boko a can. Waɗanda suka ba da gaskiya sun koma garuruwansu da magani a jiki da littafi a jaka. SIM ta buɗe makarantar yara maza a Roni, wadda take cikin Jigawa a yau, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. A 1948 aka kafa EMS domin 'yan ƙasa su aika da 'yan'uwansu aikin bishara, a 1954 kuma aka kafa ECWA.

Yaya waɗannan masu bishara suka yi aiki? Mai bishara yakan sauka a ƙauye, ya nemi gona, ya yi noma kamar kowa. Da yamma, bayan an taso daga gona, sai ya tara mutane a gindin bishiya ko a zaure, da fitilar ƙwai, ya koya musu baƙaƙe da wasula. Littafin karatu na gaba bayan na koyon baƙaƙe shi ne Bishara. A wurare da yawa ana sa ran mai neman baftisma ya koyi karatu, in ba tsufa ya hana shi ba, ya kuma haddace ayoyi, Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji. Yaƙi da Jahilci na gwamnatin Jihar Arewa a shekarun 1950 ya ƙara yawan manya masu iya karatun Hausa. Rediyon ELWA, wanda ya fara aiki daga Laberiya a 1954, da Muryar Bishara mai ɗakin shirye-shirye a Jos, sun kai karatun Nassi har inda ƙafar mai bishara ba ta kai ba. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso a farkon shekarun 1960, ya dogara ga ƙananan ƙungiyoyin addu'a da horar da talakawan masu bi su iya buɗe Littafi su yi wa maƙwabci bayani. Zumuntar Mata kuma ta mayar da labaran Nassi waƙoƙi da muryoyin gargajiya, har matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba suka san labarin Yusufu da na Rut da na ɗa mubazzari.

Daga shekarun 1970 Maguzawa da yawa a ƙasar Kano da Katsina suka shigo ikkilisiya. Bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, da kafa Dayosis ɗin Anglikan na Dutse a 1996, tsarin shugabanci ya ƙara matsowa kusa. Amma tushen da aka gina a kansa shi ne wancan: mutum ɗaya mai iya karatu, jama'a masu sauraro, da maimaitawa har magana ta zauna.

Halin da ake ciki yau

Yau Littafi ya fi samuwa fiye da kowane lokaci. Yana cikin wayar hannu, a rubuce da kuma a murya. Amma mu duba tsarin sujadar Lahadi a majami'u da yawa. Sujada takan kai awa uku. Sanarwa, gaisuwar baƙi, waƙoƙin ƙungiyoyi da baiko iri-iri sukan cinye mafi yawan lokacin. Karatun Nassi kuwa aya huɗu ko biyar ne, a miƙa wa wani a take, ya karanta da in'ina ba tare da ya shirya ba, mai wa'azi ya ɗauki kalma ɗaya ya tafi da ita inda ya ga dama.

Mu yi lissafi. Aya biyar a kowace Lahadi, sau 52, aya 260 ke nan a shekara. Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189 da ayoyi fiye da 31,000. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, wadda sujadar Lahadi ce kaɗai inda take jin Maganar Allah, za ta shekara ashirin tana zuwa majami'a ba ta ji ko kashi ɗaya cikin biyar na Littafin ba, ko da ba a taɓa maimaita aya ba. Amma Sabon Alkawari sura 260 ne. In ana karanta sura ɗaya cikakkiya kowace Lahadi, za a gama shi cikin shekara biyar daidai. Markus sura 16 ne, wata huɗu ya isa. Karanta sura ɗaya kuwa da wuya ya wuce minti biyar zuwa takwas.

Akwai kuma abin da maƙwabtanmu suke gani. Muna zaune a ƙasar da yaro yake wanke allo ya sake rubutawa har ya haddace, inda ake girmama mahaddaci, ake kuma taruwa da azumi a saurari tafsiri, mai jan baƙi yana karantawa malami yana fassarawa. Maƙwabcinmu ya san mu da sunan ma'abota littafi. In ya tambayi ɗanmu abin da ke cikin Linjila, yaron ya rasa amsa, shaidarmu ta raunana tun kafin fasto ya buɗe baki. Haka kuma jama'ar da ba su san Nassi ba ba su da abin da za su auna wa'azin da yake shigo musu ta waya da talabijin, na masu sayar da mai da ruwa da alkawarin arziki. Luka ya yaba wa mutanen Biriya domin sun bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). In an auna Bulus, wane ne ba za a auna ba?

Abin da tarihi yake nema daga gare mu

Na ɗaya, a ba karatu wurinsa. A karanta daga Tsohon Alkawari, da Zabura, da Sabon Alkawari, a kuma bi littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ikkilisiyoyin Anglikan da Katolika da Lutaran suna da jadawalin karatu na shekara. Waɗanda ba su da shi, fastocin gunduma za su iya zama su tsara na wata shida, domin majami'ar da ba ta da fasto ran Lahadi ta san abin da za ta karanta.

Na biyu, a horar da masu karatu. A zaɓi mutum uku ko huɗu a kowace majami'a, maza da mata da matasa, a ba su nassin tun ranar Laraba. Su karanta a gida da ƙarfi, su san inda za su tsaya, su koyi furta sunaye. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali waɗanda rubutu ba ya nunawa, saboda haka wanda bai shirya ba yana iya juya ma'ana. Ɗan makarantar sakandare da aka ba wannan aiki yau, shi ne dattijon ikkilisiya na gobe.

Na uku, a kula da harshe. A majami'ar gari inda ake haɗa Turanci da Hausa, a karanta nassin cikakke da harsunan biyu. A ƙauyen da tsofaffi suka fi jin Warjanci, a sa wani ya maimaita abin da aka karanta da harshensu, kamar yadda Lawiyawa suka yi. Kalmomi irin su barata, fansa da kafara suna bukatar bayani a taƙaice kafin a wuce.

Na huɗu, a ba jama'a baki. A karanta Zabura ana karɓa-karɓa. A zaɓi aya ɗaya ta mako, a maimaita ta tare sau uku, a tambaye ta Lahadi mai zuwa. Bayan an karanta labari, a rufe Littafi a roƙi wani ya ba da shi da bakinsa, sauran su cike abin da ya manta. A roƙi Zumuntar Mata da mawaƙa su shirya waƙa a kan nassin watan. Mutanenmu masu riƙe magana da ka ne, wannan baiwa ce da za a yi aiki da ita.

Na biyar, a mai da ajin karatun manya. Lokacin rani, bayan an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, shi ne lokacinsa. Inda babu mai karatu, a yi amfani da Littafi Mai Tsarki na murya a waya, a saurara tare, a tsaya a tattauna.

Na shida, wa'azi ya fito daga abin da aka karanta. Jama'a su iya sa yatsa a kan ayar su ga inda mai wa'azi ya samo maganarsa. Fasto ba ya rasa daraja don jama'arsa sun san Littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aunin aikinmu a Birnin Kudu da Gwaram shi ne abin da jama'a za su iya karantawa, su faɗa, su kuma koya wa 'ya'yansu bayan an yi mana canji.

Tambayoyi domin nazari

1. A sujadar Lahadin da ta wuce a majami'arku, minti nawa aka ba karatun Nassi, minti nawa aka ba sanarwa da baiko?

2. Mutum nawa ne a majami'arku ba su iya karatu ba? Ta wace hanya suke jin Maganar Allah daga Litinin zuwa Asabar?

3. Kwatanta ikkilisiyar Kartaj da ta Masar. Wane harshe ne tsofaffin majami'arku suke addu'a da shi a gida, wane ne kuma ake karanta musu?

4. Tsara jadawalin karatun Bisharar Markus na mako 16, tare da Zabura da ayar haddacewa ta kowane mako, ka kuma rubuta yadda za ka shirya masu karatu.